Haƙoran Noti da Amanar Gareji

A garejojin da ke jere a gefen titin Maiduguri ta Hotoro, da waɗanda ke lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni, akwai wata ɓarna da ba kasafai mai mota ke jin labarinta ba. Yaron gareji ya gama juyen mai, ya mayar da notin da ke toshe tankin mai na ƙasan inji, ya ɗaure da sufana, ya ƙara dannawa don ya tabbatar. Sai notin da ke turjiya ya saki, ya shiga juyawa ba ya kamawa. Haƙoran ramin sun cinye ke nan. Abin da aka yi a mintoci goman da suka biyo baya shi zai yanke ko motar za ta kai Wudil lafiya, ko kuwa mai ya tsiyaye a hanya inji ya buga.

Domin a gane girman lamarin, sai a san yadda noti ke riƙe ƙarfe. Idan aka ɗaure shi, yana ɗan miƙewa gwargwadon da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne ƙarfin da ke matse sassan biyu. Wannan nauyi ba ya rabuwa daidai a kan haƙora: na farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan aka wuce ƙima sai ya karye, nauyin ya koma kan na biyu, haka har ramin ya zama sumul. Noti kuwa baƙin ƙarfe ne, injunan yau kuma galibi alminiyum ne, wanda ya fi laushi nesa ba kusa ba. Injin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna gangar jikinsa zubin ƙarfe ce mai jure wa hannu mai nauyi. Corolla da Camry da Accord da suka cika titunan Kano ba su da wannan haƙuri. Motoci sun sauya, hannun da ke ɗaure su bai sauya ba.

Hanya ta biyu ta lalacewa ita ce cusa notin da ba na ramin ba. Tun 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya fito da ma'auni guda na haƙoran noti, yau kuma yawancin motoci na bin ma'aunin milimita. Notin tayar Toyota kaurinsa milimita 12 ne, tazarar haƙoransa 1.5, na Nissan shi ma 12 ne, amma tazararsa 1.25. A ido tagwaye ne. A zagaye na biyu ko na uku sai ya cije, wanda bai sani ba kuma ya ɗauko bututu ya zura wa sufana.

Idan ɓarna ta auku, gyaran da aka saba gani shi ne a naɗa zare ko leda a jikin noti, ko a shafa gam, ko a tura wanda ya fi kauri da ƙarfin tsiya. Duk waɗannan rufa-rufa ne. Gyara na ƙwarai sananne ne, ba kuma sabo ba ne. In haƙoran sun lanƙwashe ne kawai, a bi su da ƙarfen tsefe haƙora su miƙe. In sun cinye, a faɗaɗa ramin da daidai bakin da aka ƙayyade, a yanka sabbin haƙora a miƙe, a zura naɗaɗɗiyar waya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wadda aka sani da Heli-Coil, ko ɗan bututu mai haƙora ciki da waje irin na Time-Sert. Ramin sai ya koma girmansa na asali, sau da yawa ma ya fi na asalin ƙarfi.

Masu Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake wa laƙabi da Big Daddy, suna da misali a gabansu. Injinta mai lita 2.4 ya yi suna wajen sakin haƙoran da ke riƙe notocin kan inji, ruwa ya riƙa yoyo, mota ta riƙa zafi. Kamfanin Toyota da kansa ya umarci dilolinsa su gyara ramukan da irin wannan bututu. Wato injin da wani zai yanke wa hukuncin a nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo wani, ana iya ceto shi da aikin yini guda. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, wannan sani ya zama kuɗi a aljihu.

Sai dai gyara yana da iyaka. Ƙarfen da notin taya ke hawa, da notocin birki da na sitiyari, idan suka lalace sabo ake sawa, mai lambar ƙarfi daidai da ta tsohon: 8.8 ko 10.9 da ke rubuce a kan noti ba ado ba ne. Mai walda ba shi da hurumi a nan, domin zafin wuta na kashe ƙarfin ƙarfe. Tayar da ta fice a kan titin Zariya ba ta tambayar nawa aka rage a kuɗin aiki.

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin duka a kan makanikai, amma ba adalci ba ne. Tsohon makaniki zai ce hannunsa ya san ƙima, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba shi ke ɗaure yawancin notocin ba, yaransa ne, hannu kuma ba ya bambance niyuton-mita 103 da ake so a tayar Corolla da ninkinsa. Zai kuma ce sufana mai awo da kayan zura waya suna da tsada, mai mota kuwa ba ya biyan abin da bai gani ba. Nan ne gizo ke saƙa. Ma'aikacin da ba ya ja da kuɗin fenti, shi ne zai tsaya a kan makaniki yana duba agogo, yana neman ragi a kan aikin da rayuwarsa ta rataya a kai. Yaron da ya san za a zage shi ko a cire masa kuɗi in ya faɗi gaskiya, zai naɗa leda ya yi shiru. Araha ba ta ado.

Saboda haka gyaran na ɓangare biyu ne. Ƙungiyar makanikai ta NATA na da ikon sanya sufana mai awo cikin kayan da dole kowane gareji ya mallaka, da kuma sharaɗin yaye almajiri. Mai mota kuwa ya nemi a fara ɗaura kowane noti da yatsu kafin sufana ta taɓa shi, ya tambayi ƙimar da littafin motarsa ya faɗa, ya biya kuɗin lokacin da aikin ke ci. In makaniki ya zo ya ce, “Alhaji, haƙora sun cinye a hannunmu,” wannan mutum ne da ya cancanci a riƙe shi, domin ya faɗi abin da zai iya ɓoyewa.