Rawani Biyu a Kai Ɗaya

Mudur Zakara, sarkin kanton Imanan mai fada a Bonkuku, ya daɗe yana minista a gwamnatin Diori Hamani: ya riƙe harkokin Sahara da makiyaya, daga bisani ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Ta bakinsa muryar Abzinawa ta isa Yamai, wannan kuwa abin yabo ne.

Sai dai talakan da zuciyarsa ke wajen Sawaba, wadda aka haramta a 1959, wa zai kai wa kuka alhali sarkinsa na cikin gwamnati? Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da mulkin PPN-RDA, kujerar minista ta tafi, sarautar Imanan ta saura. Tun da sarauta ta kowa ce, wajibi ne basaraken da ke neman kujerar jam'iyya ya ajiye rawani tukuna.