Jakar bayan sulke

A watan Yuni na 2024, ƴan bindiga sun kashe soja shida masu gadin bututun mai tsakanin Salkam da Tibiri. Rashin ya isa a dubi kayan da soja ke ɗauka a jiki.

Sulken zamani akwai nauyi, zafin Arewa kuma yakan wuce digiri 40 a bazara. Don haka jakar da ake maƙala wa sulke ta zamo ƙarama: ruwa, bandeji, maɗaurin tsaida jini. Maɓallinta ya buɗe da hannu guda, yadda za a cire ta wajen shiga mota ko jinyar mai rauni.

Ma'aikaci mai sa hannu a kwangila da ɗan kasuwa mai kawo kaya su tuna: araha ba ta ado, maɓallin da ya cije a daji rai yake ci.