Araha Ba Ta Ado: Nasiha Kan Wankin Mota



Duk wanda ya bi hanyar Bagudo zuwa Ka'oje, ko Tsamiya a bakin iyakarmu da Benin, a lokacin hunturu, ya san yadda mota ke yin futu-futu da ƙura. Abin da da yawanmu ke yi da safe shi ne mu ɗauki busasshen tsumma mu goge ta. Ni a ganina, gara a bar mota da ƙurarta da a yi mata irin wannan gatan.

Dalili kuwa, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Shi kuma ƙyallin da ke saman fentin mota bai kai kaurin takarda guda ba. Tsumma ya haɗu da yashi, ai ya zama samfefa. Wannan ne asalin siraran zanen nan da ake gani in rana ta haska jikin mota.

Hanyar kuwa mai sauƙi ce. A kai motar inuwa, a bari jikinta ya huce. A fara kwarara mata ruwa har yashin ya sauka kafin hannu ya taɓa ta. A tanadi bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso bayan kowace shafa. A fara daga sama a gangaro ƙasa, taya kuma a ware mata nata tsumman. Soson da ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin mota sai an wanke shi. A guji garin sabulun wankin kaya, domin yana cinye folish.

Wani zai ce ai ruwa kuɗi ne. Gaskiya ne. To amma tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu a Janairun 2017, sannan darajar naira ta faɗi a 2023, sauya mota ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Nawa ne kuɗin jarkar ruwa, nawa ne kuɗin sabon fenti?

Saboda haka ina kira ga ɓangare biyu. Kai ɗan uwa mai sana'ar wanki, mota amana ce a hannunka, ko mai ita yana kallo ko ba ya nan. Sauri kuwa shi ke haifar da nawa. Kai kuma mai mota, in ka matse yaro a ciniki har kuɗin bai wuce na bokiti ɗaya ba, kada gobe ka ɗora masa laifi shi kaɗai. Biya shi haƙƙinsa cikakke, sannan ka nemi aiki cikakke.

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.