Bashin da ke Kan Mai Kawo Labari

Wani yammaci a ƙarshen watan Yulin 2023, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar shagon wani aminina mai walda. An ɗauke wuta tun hantsi, yaransa sun jingina ƙofofin da ba a gama ba da bango, kowa ya yi jugum. Sai na ciro waya na ba su labarin da na karanta da safe: wasu masana a Koriya ta Kudu sun haɗa wani sinadari da wutar lantarki ke ratsawa ba tare da ko ɗigo ya salwanta a hanya ba. Na nuna musu ɗan bidiyon nan da ya zagaye duniya, wani ɗan baƙin ɓarɓashi a kan mayen ƙarfe, gefe ɗaya ya ɗaga sama, gefe ɗaya yana taɓa ƙasa. Mai walda ya karɓi wayar, ya kalla har sau uku, sannan ya ce, "Malam, wato dai wahalar wuta ta kusa zuwa ƙarshe ke nan?" Na ce masa da yardar Allah.

Wannan amsa da na ba shi ta daɗe tana ci mini rai.

Mai walda ya fi ni sanin abin da ake magana a kai, ko da bai san sunansa a littafi ba. Ya san idan ya daɗe yana aiki, wayar injinsa takan yi zafi har ta gagara riƙewa. Kowace waya, ta jan ƙarfe ce ko ta alminiyam, tana yi wa wutar da ke bi ta cikinta tirjiya, wani kaso na wutar ya zama zafi ya tafi a banza. A shekarar 1911 wani masani a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, sai ya ga tirjiyar ta ɓace ɗungurungum. Tun daga ranar ake cin moriyar wannan abin mamaki. Na'urar MRI da ke manyan asibitoci da shi take aiki, shi ya sa ake ɗura mata ruwan hiliyam mai ɗan karen tsada don mayen ƙarfenta ya zauna cikin wannan matsanancin sanyi. Burin masana fiye da shekara ɗari shi ne su samu abin da zai yi haka a yanayin ɗakin da muke kwana.

Shi ne Sukbae Lee da Ji-Hoon Kim da abokan aikinsu a birnin Seoul suka ce sun samu. Suka sa masa suna LK-99, harafin farko na sunayensu da shekarar 1999. Haɗi ne na darma da jan ƙarfe da fosfaros da oksijin, kuma sun ce yana aiki har zuwa digiri 127, zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Ranar 22 ga Yuli suka ajiye takardunsu a arXiv, wani rumbu na intanet da masana ke sa aikinsu kafin takwarorinsu su tantance shi. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci a duk labarin, kuma ita ce ban faɗa wa majalisa ba. Na san ta, na gan ta a rubuce, na tsallake ta domin tana rage wa labarin armashi.

Ba a yi wata guda ba zancen ya rushe. Ɗakunan gwaje-gwaje a Sin da Indiya da Amurka da Jamus suka ɗauki tsarin haɗin suka maimaita. Aka gano cewa wani gurɓi ne na jan ƙarfe da farar wuta, wato kibiritu, ya cakuɗa da samfurin, kuma shi wannan gurɓi a wajen digiri 104 yakan canza hali, tirjiyarsa ta faɗi farat ɗaya, har mai awo ya zaci ya ga abin da ake nema. Tashin da yake yi a kan mayen ƙarfe ma aka nuna ba ya buƙatar wani sabon bayani. A cibiyar Max Planck da ke Stuttgart aka haɗa shi tsantsa ba gurɓi, ya fito garau mai launin shunayya, kuma wutar ma ba ta wucewa ta cikinsa. Zuwa tsakiyar watan Agusta mujallar Nature ta ba da rahoton cewa magana ta ƙare. A watan Disamba kwamitin da masanan Koriya suka kafa da kansu ya ce babu hujja.

Duk na karanta wannan a lokacinsa. Ban koma majalisa na faɗa ba. Ba wai na yi niyyar ɓoyewa ba ne. Wasu labaran ne suka zo suka danne shi, kuma babu daɗi mutum ya tara jama'a ya ce musu abin da na gaya muku rannan ba haka yake ba. Sai bayan watanni, na kai gyaran ƙyauren gidana, na ji ɗaya daga cikin yaran shagon yana gaya wa wani mai kawo aiki cewa ai a Koriya an riga an ƙera wayar da ba ta cin wuta, shugabanninmu ne kawai suka ƙi sayowa. Yana faɗa da ƙarfin zuciyar wanda ya ji daga bakin mai ilimi. Labarin da ya mutu a Stuttgart tun damina yana nan da ransa a unguwarmu, har ya yi rassa, kuma ni na shuka shi.

Akwai masu jin irin wannan su ce ai dama masana maƙaryata ne, yau su ce kaza gobe su ce ba haka ba. Ni kuwa abin da na gani a waɗannan makonni uku ya ƙara mini girmama aikin. Mutum ya yi iƙirari, ya bayyana yadda ya haɗa abinsa, waɗanda ba su san shi ba kuma ba su jin kunyarsa suka gwada, suka faɗi abin da suka samu. Haka aka taɓa yi a watan Satumban 2011, lokacin da masanan gwajin OPERA da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya suka auna wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda ake harbowa daga cibiyar CERN a tazarar kilomita 730, suka ga kamar sun riga haske isowa da kashi 60 cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Da ya tabbata, da ginshiƙin da Einstein ya kafa a 1905 ya girgiza. Su da kansu suka ce sun yi watanni suna neman kuskurensu ba su gani ba, a zo a taya su dubawa. A watan Fabrairun 2012 suka gano wata waya ce da ke kai saƙon lokaci zuwa agogonsu ba a ɗaura ta da kyau ba. Suka fito suka faɗa da bakinsu, shugaban tawagar, Antonio Ereditato, ya sauka daga muƙaminsa bayan 'yan makonni. Mutanen da suka tona asirin kuskurensu a idon duniya ba su ne suka ci amana ba.

Amanar a hannunmu take lalacewa, mu 'yan tsakiya: mai fassara a gidan rediyo, mai shafi a Facebook, malamin makaranta, ɗan boko na gida da ake tambaya idan an ji sabon abu. Kuma nauyin da ke kan mai kawo labarin kimiyya da Hausa ya fi na takwaransa na Turanci nauyi sosai. Wanda ya karanta labarin LK-99 da Turanci, ko bai nema ba gyaran zai iske shi, domin yana nan birjik a inda ya ga na farko. Mai walda kuwa ƙofa ɗaya gare shi zuwa wannan duniyar, ita ce bakina. Labarin farko mukan yi rige-rigen fassara shi, gyaran kuwa da wuya ka ga wanda ya juya shi zuwa Hausa. Ga kuma abin da ke zubewa a hanya. Takardar asali ta wani bincike takan ce alamu sun nuna, ta ce a jikin ɓeraye aka gwada, ta ce mutum talatin kacal aka duba, ta ce sai an ƙara bincike. Kafin ta iso teburin mai shayi duk an kakkaɓe waɗannan, saura kalma uku: masana sun gano. Kalmomin nan uku sun zama kamar hatimi, duk abin da aka buga wa su ba a sake tambaya.

Abin ba a kanmu kaɗai yake ba. A watan Maris na 2018 wasu masana uku na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa bincike a mujallar Science, bayan sun bi sawun labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Suka samu cewa labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi tura shi gaba, ba na'urori ba. Ƙarya sabuwa ce fil, tana da ban mamaki. Gaskiya takan zo da tsohuwar riga.

Na san za a ce mini to mene ne a ciki, wa LK-99 ya kashe? Babu. Amma bakin da ya saba tura labari ba tantancewa, ranar da labarin zai zama na rai da mutuwa ma haka zai tura. Duk wanda ya yi wayo a farkon watan Agustan 2014 yana tuna daren gishiri. Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli tare da Patrick Sawyer, tsoro ya cika ƙasa, sai ga saƙo cikin dare cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Uwa ta bugo wa ɗanta, wa ya tashi ƙaninsa daga barci, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Babu mai mugun nufi a cikinsu, ƙauna ce tsagwaronta. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama suka kwanta a asibiti, musamman masu hawan jini. Ita cutar kanta mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, kuma ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da ita ranar 20 ga Oktoba. Ruwan gishirin kuwa ya wuce garuruwan nan biyu nesa ba kusa ba. Nakan tambayi kaina, cikin waɗanda suka buga waya da asuba suna cewa a sha, nawa ne suka sake bugawa da azahar suka ce a daina?

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba mu da uzurin rashin sanin hanya. Duba yadda muke yi da jinjirin wata. Mutum ba ya fitowa daga saman soro ya ce na gani, a tashi da azumi. Za a kai shi gaban hakimi ko sarki, a tambaye shi ina ya tsaya, ƙarfe nawa, ta ina ƙahon ya fuskanta, su wa suka gani tare da shi, a duba ko shi mutumin kirki ne, sannan saƙo ya bi matakai har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato kafin a yi shela. Malaman hadisi kuma sun ƙarar da rayuwarsu a kan tambaya ɗaya, wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa. Mutanen da suka gaji wannan tsantseni a addini bai kamata a ce ɗan bidiyo na daƙiƙa talatin ya ishe su hujja a kan maganin daji ko sabuwar na'ura ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, in ji Bahaushe, kuma sabon bincike ma haka yake, sai wasu hannaye sun maimaita shi a wani gari sun ga abin da na farko ya gani.

Ba ina cewa a daina ba da labarin ba ne. Ina son yaran shagon nan su ji abin da ake yi a Seoul da Stuttgart, su san akwai masu ƙona shekara ashirin a kan ƙwayar darma, wataƙila wani cikinsu ko ɗansa ya bi wannan hanya. A faɗa, amma a faɗa da sharaɗinsa: wannan iƙirari ne, ba a tantance ba tukuna, ga waɗanda suka yi, ga abin da ake jira. Kuma wanda ya kawo labari ya ɗauka ya ci bashi. Ranar da gyara ya fito, shi ne zai koma wurin da ya faɗa, gaban mutanen da ya faɗa wa, da muryar da ya yi amfani da ita da farko. Ni na ma ƙara wani laifin a kan na tsallake sharaɗi: ko da LK-99 ya tabbata, ba shi zai kawo wuta shagon mai walda ba, domin matsalarmu tana wurin samar da wutar, da iskar gas da ba ta isa tashoshi, da tsofaffin turakun da ke faɗuwa. Na haɗa masa buri da abin da ba shi da alaƙa da damuwarsa.

Washegarin ranar da na ji yaron nan, na koma majalisa bayan la'asar. Na jira aka taru, na ce musu maganar Koriya da na kawo kwanaki ba ta tabbata ba, na daɗe da sani ban faɗa ba, na yi musu bayanin gurɓin da digiri 104 da abin da Jamusawa suka samu. Mai walda ya ajiye gilashinsa a kan benci, ya yi shiru na ɗan lokaci. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, ai ni ma na gaya wa mutane." Ya fara lissafi da yatsu: surukinsa a Dawanau, wani direban tirela da ke zuwa Maraɗi, limamin masallacinsu, ƙaninsa da ke Kumasi. Da ya kai na shida sai ya ciro wayarsa daga aljihu, ya ce in sake maimaita masa sunan abin nan da ya cakuɗa da darmar, a hankali, don kada ya faɗa ba daidai ba.