Haya a Yamai: mai kare ya fi kowa shan wuyar samun gida

Kowace shekara, daga watan Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da takardun canjin wurin aiki ke fitowa kuma ake shirin komawa lakwal, tashoshin mota na Yamai kan cika da katifu, tukwane da buhunan hatsi. Kayan malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikatan gwamnati da aka ɗauko daga Damagaram, Maraɗi ko Tawa. Abu na farko da ke gaban kowannensu shi ne gidan haya. A cikinsu akwai ƴan kaɗan da wahalarsu ta ninka ta saura, wato waɗanda suka taho da kare.

Wani zai ce ana maganar tsadar haya, wa ke ta kare? Sai dai a wajen yawancin masu shi a ƙasar nan, kare mai gadi ne da ba a biyansa albashi. Wanda ya zauna a bakin gari da ƴan tumakinsa da babur ɗinsa ya san amfanin haushi cikin dare. A yankin Azawak kuwa, a jihar Tawa, makiyaya na da nasu irin kare mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, wanda har a Turai ake kiwonsa da sunan yankin. Mutumin da ya yi shekaru da irin wannan dabba ba zai sake ta a bakin hanya don an yi masa canji ba.

Da ya sauka Yamai, sai ya tarar da kasuwar haya iri biyu. Akwai gida mai zaman kansa, da katangarsa da ƙofarsa, irin waɗanda suka yi yawa a Plateau da Kwara Kano. A nan ba a cika damuwa da kare ba, tunda babu wanda zai takura. Akwai kuma gidan tarayya, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, wani lokaci ma banɗaki ɗaya, kamar yadda ake gani a Bukoki, Talaje ko Lazare. Aljihun ƙaramin ma'aikaci a nan yake tsayawa, kuma a nan ne dillali ke girgiza kai da zarar an ambaci kare.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. A ce an samu ciki da falo a kan jika 40. Mai gida zai nemi kuɗin wasu watanni a gaba, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, dillali ma yana jiran ladansa, ga kuɗin wuta da ruwa. Kafin a karɓi mabuɗi, kuɗin wata uku ko huɗu sun fita. Wanda ya sha wannan da ƙyar, ta ina zai kai ga gida mai zaman kansa?

An yi tsammanin abin zai yi sauƙi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sojojin Faransa sun kammala ficewa a Disambar shekarar, na Amurka suka bi a 2024, baƙi da dama ma suka tattara. Amma manyan gidajen da baƙin ke kamawa dama ba na malamin firamare ba ne. Ƙananan ɗakuna kuwa masu nemansu ƙaruwa suke yi: ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Tilaberi, ga waɗanda ambaliyar 2020 da ta 2024 ta rushe wa gidajen laka. Gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, sai dai siminti mai araha ba ya zama ɗakin haya cikin wata ɗaya. Muddin mutum goma na bin ɗaki guda, mai gida ne ke zaɓe, kuma mai kare shi ake fara cirewa.

Dalilin da aka fi bayarwa shi ne addini, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya. Gaskiya ne hadisai sun hana ajiye kare ba tare da buƙata ba, sun kuma ware na farauta, na kiwo da na gona. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar nan ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Malaman zaure ma sun san labarin da ake bayarwa game da Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala: da katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa Imam Malik bai so hakan ba, sai ya nuna cewa da Imamin ya riski zamaninsu, da ya ajiye abin da ya fi kare ban tsoro. Malamai sun yi saɓani a kan karen gadin gida, amma ƙofar ba a rufe take ba.

Abin da ke damun mazauna gidan tarayya ya fi kusa da ƙasa. Tabarmar salla a tsakar gida ake shimfiɗa ta, a nan ake wanke-wanke, a nan yara ke rarrafe. Ga haushi da tsakar dare, ga kashi. Uwa uba, ga ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Matar da ta ce ba ta yarda a kawo kare inda ɗanta ke wasa ba tana da hujja.

A ganina, nan ne masu karnuka ke da nasu laifin. Da yawa ba su taɓa kai dabbarsu wurin likitan dabbobi ba, ba su da katin rigakafi da za su nuna, kuma sun saba sakin kare ya yi yawo da dare. Wasu kan ɓoye zancen har sai sun tare, sannan rigima ta tashi, a kai ga mai unguwa ko komisariya. Tunda yawancin hayar da baki ake ƙulla ta, duk da cewa ƙasar na da dokar haya tun 1996, babu takardar da za a duba a ga me aka yi alkawari. Ƙarshenta mai haya ya kwashe kayansa, kuɗin ajiyarsa kuma ya maƙale.

Hanyar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce bakin gari: Kwara Tegi, Yamai 2000, bayan filin jirgi, ko ƙetaren kogi. Can akwai masu filaye da gidajen da ba a gama ginawa ba, waɗanda suka fi son mai haya da kare saboda ɓarayin ƙarfe da siminti. Hayar ta fi sauƙi, amma abin da aka rage a haya kuɗin mai ko na taksi ne ke cinye shi, kuma da damina wasu hanyoyin ba sa biyuwa.

Ko a can, wanda ya faɗa wa dillali tun ranar farko, ya riƙe katin rigakafi, ya yarda zai ɗaure karensa da rana, ya kuma sa aka rubuta sharaɗin a takardar haya gaban shaidu, ya fi wanda ya yi shiru kwanciyar hankali. Su ma kantomomin da ke riƙe da birane tun bayan rusa majalisun gari a Afrilun 2024 suna da abin yi tare da ma'aikatar kiwo. Masana sun ce yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi na katse yaɗuwar cutar, kuma ranar yaƙi da ita ta duniya, 28 ga Satumba, tana faɗowa daidai lokacin da masu canjin aiki ke yawon neman ɗaki.