Juma'a, Asabar da Lahadi: Amsar da 'Ya'yanmu Ke Jira

 

Duk mai renon yara a Zongon Kwatano ya san cewa ba mu kaɗai muke zaune a wannan gari ba. Ƙidayar shekarar 2013 ta nuna Musulmi sun kusa kashi 28 cikin 100 na al'ummar Benin, Kiristoci kuwa sun kusa rabi. 'Ya'yanmu suna zama a benci ɗaya da 'ya'yan Katolika da na Seleste masu fararen riguna, cocin da Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947. Shi ya sa suke dawowa gida da tambaya: "Baba, su ma suna kiran Ibrahim da Musa, to mene ne ya raba mu?" Wasu iyaye kan ce duk ɗaya ne, wasu kuma su daka wa yaro tsawa. Amsar farko tana raunana aƙidarsa, ta biyun tana koya masa raina maƙwabci. Abin da yake buƙata shi ne bayani na gaskiya.

Mu fara da inda aka haɗu. Yahudanci da Kiristanci da Musulunci duk suna jingina kansu ga Annabi Ibrahim, duk sun yarda da Mahalicci guda, da wahayi, da annabci, da sakamakon ayyuka. Alƙur'ani ya kira mabiyan addinan biyu Ma'abota Littafi, kuma babu annabin da ya ambaci sunansa da yawa kamar Annabi Musa.

Yahudawa ba mu cika haɗuwa da su a nan ba, galibi a labaran duniya yaranmu ke jin sunansu, don haka ya kamata mu raba musu tsakanin addini da siyasar wata ƙasa. Tushen addininsu shi ne kaɗaita Allah da alƙawarin da suka yi imani Ya ƙulla da Bani Isra'ila. Littafinsu Attaura, ranar ibadarsu Asabar, suna yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas, ba sa cin alade. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara aƙidarsu cikin ginshiƙai 13, daga ciki har da cewa Allah ba shi da jiki. Inda muka rabu da su shi ne ba su karɓi Annabi Isa ba, ba su karɓi annabcin Annabi Muhammadu ba, kuma har yau suna jiran Almasihu.

A kan Annabi Isa ne hanyoyin uku suka fi rabuwa. Kirista ya yi imani cewa Isa Ɗan Allah ne, kuma Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Taron manyan limamansu a Nikiya a shekarar 325 shi ya tsayar da lafazin cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya. Adalci ya sa mu faɗa wa yaro cewa Kirista ba ya cewa alloli uku yake bauta wa. Yana cewa ɗaya ne. Mu kuwa tauhidinmu bai karɓi wannan bayani ba, domin Suratul Ikhlas ta kore haihuwa da tamka ga Allah. A wurinmu Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, Almasihu, wanda Maryamu ta haifa ba tare da uba ba. Ita ce mace ɗaya tilo da Alƙur'ani ya kira da sunanta, sura ta 19 ma sunanta take ɗauke da shi.

Daga nan sai batun tsira. Mafi yawan Kiristoci sun yi imani cewa ɗan Adam yana gadon zunubin Adamu, kuma mutuwar Isa a kan gicciye da tashinsa a rana ta uku su ne fansa. Shi ya sa Lahadi ta zama ranar ibadarsu. Mu mun yi imani cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah Ya ɗauke shi kuma zai dawo. Adamu ya tuba an yafe masa, jariri yana zuwa duniya babu laifi a kansa, kowa kuma nasa kayan zai ɗauka. A wannan gaɓa Yahudawa sun fi kusa da mu, domin su ma ba su yarda da zunubin gado ba, tuba da aiki nagari suke dogara da su.

To, yaya za mu yi da wannan sani? Misalinmu shi ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a gaban Najjashi, sarkin Habasha, wanda Kirista ne. Bai ɓoye aƙidar Musulunci game da Isa ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya karanta masa Suratu Maryam, sarki ya ba Musulmi mafaka. A ƙasarmu ma an yi irin wannan zama: Fafaroma John Paul na Biyu ya gana da wakilan Musulmi a Parakou a watan Fabrairun 1993, kowa da addininsa, aka yi magana cikin mutunci.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malaman makarantun allo da na Islamiyya su koya wa yara abu uku: su san aƙidarsu da hujjarta, su faɗi ta wasu yadda masu ita suke faɗinta, kuma kada su yi ba'a ga gicciye ko wani abin da maƙwabci ke girmamawa. Suratul Ankabut ta umurce mu da yin muhawara da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Yaron da ya san inda aka haɗu da inda aka rabu ba ya jin tsoron tambayar abokinsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.