Darasin taskar Rediyon Omdurman ga 'yan kasuwarmu

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 15 ga Afrilun 2023 ne yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Tun a kwanakin farko dakarun suka mamaye harabar gidan rediyo da talabijin na ƙasar da ke Omdurman, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka ƙwato ta. Wato kusan wata 11 ke nan taskar muryoyin gidan, wanda ya fara watsa shiri tun 1940, tana tsakiyar fagen daga.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Jibiya ko Illela da wannan? To, akwai ruwansa. Mace ta farko da ta yi waƙa a wannan gida, a 1942, ita ce A'isha al-Falatiya, 'yar asalin Hausawa, wadda ta rera da Larabci da Hausa, ta kuma rasu a 1974. Ga kuma dubban 'yan'uwanmu da hanyar Hajji ta zaunar a Sudan, da zuriyar waɗanda suka kafa Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ashe tarihinmu ma yana cikin waɗancan faya-fayai.

Ba rediyo kaɗai abin ya shafa ba, domin an wawushe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Abin da aka fi samun natsuwa a kansa shi ne wanda aka riga aka kwafa a kwamfuta aka ajiye a wata ƙasa, kamar aikin shirin Sudan Memory tare da King's College ta Landan, da finafinan marigayi Gadalla Gubara da cibiyar Arsenal ta Balin ta taimaka aka kwafe.

Masu iya magana na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A rumfunanmu akwai tsofaffin kaset na tafsiri da na Shata da Ɗanƙwairo, zafi da ƙura na cin su. Sannan a yau ciniki na miliyoyi tsakanin Maraɗi da Kano da saƙon murya na WhatsApp ake ƙulla shi. Ranar da waya ta ɓace, ko gobara ta tashi a kasuwa, ina shaidar bashin?

Maganin ba shi da tsada. Na farko, a kwafi kaset a tsarin WAV, domin MP3 yana rage wa murya inganci. Na biyu, kowane fayil a sa masa sunan mai magana da wuri da kwanan wata. Na uku, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari daban. Na huɗu, a samu yaro mai boko ko ajami ya saurara ya rubuta abin da aka faɗa, musamman kuɗi da adadin kaya da ranar biya, domin rubutu ake dubawa nan take idan gardama ta taso.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da gidajen rediyon karkara su haɗa hannu a kan wannan aiki tun kafin a yi da-na-sani. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, amin.